William Cartwright, Limamin Cocin da Sarki Ya Yi wa Makoki

A ranar 30 ga Agusta 1636, Sarki Charles na Ɗaya na Ingila da matarsa, Sarauniya Henrietta Maria, suka zauna a zauren kwalejin Christ Church da ke Oxford don kallon wasan kwaikwayo. Wanda ya rubuta wasan, William Cartwright, ko shekara 25 bai cika ba.

Sunan wasan The Royal Slave, kuma labarinsa mai kama hankali ne. Farisawa sun kamo fursunonin yaƙi daga Afisa. Bisa al'adarsu, sai a zaɓi ɗaya a naɗa shi sarki na kwana uku, ya yi yadda ya ga dama, daga nan a yanka shi hadaya. Wanda aka zaɓa, Cratander, bai bari giyar mulki ta ɗebe shi ba. Ya riƙe sarautar aro da dattako da adalci, har a ƙarshe aka bar shi da ransa. Ɗaliban jami'a ne suka fito a wasan, Inigo Jones ya ƙawata dandali, Henry Lawes ya shirya kiɗa. Abin ya burge Sarauniya har ta sa ƙwararrun 'yan wasa suka maimaita shi a fadar Hampton Court.

An haifi Cartwright a 1611 a yankin Gloucestershire, ya yi karatu a makarantar Westminster kafin ya wuce Oxford. Yana cikin matasan mawaƙan da suka ɗauki Ben Jonson a matsayin ubangida, kuma tasirin Jonson a fili yake a wasansa na barkwanci, The Ordinary. A 1638 ya zama limamin coci. Bakin da ya iya tsara zance a dandali shi ya hau mumbari, wa'azinsa ya yi suna.

Sai yaƙin basasa ya ɓarke a 1642. Sarki ya mayar da Oxford hedkwatarsa, gari ya cika maƙil da sojoji, zazzaɓin annoba ya biyo baya. Shi ya yi ajalin Cartwright a Nuwamba 1643. An ruwaito cewa ranar da aka binne shi, Sarki da kansa ya sa baƙaƙen kayan makoki.

Sai a 1651 aka tattara wasanninsa huɗu da waƙoƙinsa a littafi guda, da waƙoƙin yabo fiye da 50 a farkonsa. Yabon ma har ya yi yawa, domin waƙoƙin nasa na fada ne, masu santsi amma ba zurfi sosai. A lokacin an riga an fille wa Charles kai, gidajen wasan London kuwa majalisa ta garƙame su tun 1642.