Lambar Da Ta Gagari Mai Rabo

Malamai sun san akwai lambobin da ba su rabuwa daidai sai da ɗaya ko da kansu, kamar su 2, 3, 5, 7 da 11. A nan za mu kira su gagara-rabo. Yau muna so mu kawo wa masu karatu labarin wata babba a cikinsu, watau 2,147,483,647.

Ga yadda a ke samunta. A fara da 2, a ninka ta zama 4, a ninka ta zama 8, a yi ta yi har mataki na 31, sa'an nan a ɗebe 1. Lambobin da a ke samu ta wannan hanya, in sun gagari rabo, ana kiransu da sunan Mersenne, wani malamin addinin Kirista Bafaranshe wanda ya tsara jerinsu a 1644. Tamu ita ce ta takwas a dangin. Kuma 31 ɗin kanta 'yar dangin ce, don daga mataki na 5 ta fito. Masu irin wannan asali biyu, huɗu kaɗai aka sani.

Amma fa kada a zaci hanyar ba ta ɓata. Mataki na 11 yana ba da 2,047, wadda ita ce 23 sau 89. Mersenne kansa ya sa mataki na 67 cikin jerinsa, sai a 1903 wani Ba'amurke, Cole, ya fito da lambobi biyu masu raba ta.

Wanda ya tabbatar da tamu shi ne Euler, mutumin Siwizalan, a 1772, lokacin idanunsa sun kusa mutuwa sarai. Ya san in akwai mai raba ta, lalle a sami ɗaya da ba ta wuce 46,340 ba. Ya kuma nuna duk gagara-rabon da za ta iya raba ta, in an raba ta da 248, sai 1 ko 63 ya ragu. Da haka aikin ya taƙaita, ya gwada sauran, ba wadda ta ci.

Lambar ta shafi akawuna kuma. Kwamfutoci da yawa nan iyakar ƙidayarsu ta ke. Waɗanda su ke ƙirga daƙiƙoƙi tun daga farkon 1970 bisa tsohon tsari za su cika ran 19 ga Janairu, 2038, kwanan wata ya rikice in ba a gyara su ba.

A 2024 an gano wata 'yar dangin mai alƙaluma 41,024,320, ita ma sai da aka gwada kafin a karɓa. To, muna roƙon malamai su ba yara 2,047 su nemi masu raba ta da kansu. Yaron da ya saba tambayar hujja tun yana aji, in ya riƙe littafin baitulmali ba zai sa hannu kan jimlar da bai duba ba.