Masu ƙirgar tsuntsaye a tafkin Sakumono

Duk wanda ya bi hanyar bakin teku daga Accra zuwa Tema da sassafe, zai iya cin karo da wasu mutane tsaye a bakin tafkin Sakumono, kowa da madubin hangen nesa a wuya da ɗan littafi a hannu. Tsuntsaye suke kallo. A unguwanninmu na zango, irin su Ashaiman da ke kusa da tafkin, da yawa za su ce wannan aikin wanda ya ƙoshi ne. To amma akwai abin da ya sa suke sammako.

Daga wajen watan Satumba zuwa Maris, dubban tsuntsaye kan gujo wa sanyin Turai su sauka a gabar tekun Ghana, su nemi abinci cikin taɓo tare da 'yan gida, wato zalɓe da balbela da kirinjijiya. Wasu baƙin akan gan su da zobe a ƙafa, wanda aka sanya musu tun daga Ingila.

Ƙa'idar kallon kuwa mai sauƙi ce. Ba surutu, ba riga mai ɗaukar ido, ba a matsawa kusa har tsuntsu ya tashi. Wani na ƙirgawa, wani na rubutawa, wanda ya fi sani yana nuna wa sabon shiga bambancin baki da tsawon ƙafa. Ƙungiyar Ghana Wildlife Society ta daɗe tana jawo ɗalibai cikin wannan harka, kuma Farfesa Yaa Ntiamoa-Baidu ta shafe shekaru tana nazarin tsuntsayen wannan gaba.

Irin wannan ƙirge ne ya taimaka aka sanya Sakumono, tare da Keta da Songor da Densu da Muni-Pomadze, cikin jerin wuraren dausayi na yarjejeniyar Ramsar a 1992. Sunan na wani gari ne a ƙasar Iran inda aka ƙulla yarjejeniyar a 1971.

Sai dai takarda ba ta hana mai siminti zuba tubali. An yi ta cike gefen tafkin da ƙasa ana gina gidaje, ga shara da ruwan kwata da rafuka ke kwasowa daga unguwanni. Hukumomin yankin Accra sun yi rusau a wurin a 2022, suka sake yi a 2025. A ganina laifin bai tsaya kan mai gini kaɗai ba, domin wani ne ya sayar masa da filin, wani kuma ya kau da kai.

Abin ya shafi wanda bai damu da tsuntsu ba ma. Tafkin ne ke shanye ruwan damina kafin ya gangara teku. Idan aka cike shi, ruwan sai ya koma gidajen jama'a. Masunta kuma da ke kama karfasa a cikinsa su ne farkon masu ji a jikinsu.