Warin Namijin Alade, Daga Ina Yake Fitowa?

Kowa ya san warin bunsuru, ya kuma san taure ba ya yinsa. Asirin wannan abu yana cikin maraina. Yau za mu duba shi a jikin namijin alade, domin ko da yake yawancinmu ba ma kiwonsa, masana sun binciki marainansa ƙwarai, abin da suka gano kuwa ya shafi sauran dabbobi.

A cikin maraina akwai waɗansu ƙwayoyi ƙanana, waɗanda wani Bajamushe, Franz Leydig, ya bayyana a 1850. Aikinsu kamar na maƙeri ne, wanda ke ƙera fartanya da wuƙa da lauje daga ƙarfe guda. Ƙarfen nasu shi ne kolesterol, watau wani abu mai kama da kitse. Da shi suke haɗa sinadarai uku, jini ya kwashe su ya rarraba cikin jiki.

Na fari shi ne testosteron, mai sa girman tsoka da sha'awar barbara. Na biyu kuwa abin mamaki ne, gama estrojin ne, wanda aka sani da sinadarin mata. Namijin alade yana yinsa da yawa, haka ma ingarman doki. Maraina sukan liƙa wa mafi yawansa wani gishiri mai suna salfet, ya zama kamar wuƙa cikin kube, ba ya aiki sai an zare shi. Shi da testosteron ne ke taimakon juna wajen ta da gaɓoɓin da ke zuba ruwan maniyyi.

Na uku, androstenon, shi ne mai warin. Jini yakan kai shi ga gaɓoɓin yawu da ke ƙarƙashin muƙamuƙi. In namijin ya ga mace sai ya yi ta cizon haƙora, bakinsa na kumfa. Macen da ke neman barbara, da ta shaƙi wannan wari sai ta tsaya cik.

To, ga inda wahala take. Hanta tana rushe wani kashi na sinadarin, amma saura yakan taru cikin kitse. In aka dafa naman sai ya tashi da zarni, ko da yake akwai mutanen da hancinsu ba ya jinsa sam. A 1968 ne wani masani a Ingila, Patterson, ya tabbatar androstenon na cikin masu haddasa wannan.

Saboda haka manoman Turai suka daɗe suna fiɗiye 'yan aladu tun suna 'yan kwanaki, ba tare da maganin kashe zafi ba. Jamus ta hana wannan tun daga Janairu 2021. Akwai kuma wata allura da aka fara amfani da ita a Ostareliya a 1998. Sau biyu ake yinta, sai ta tare umurnin da ƙwaƙwalwa ke aika wa maraina, aikinsu ya lafa, warin ya gushe, ba a taɓa dabbar da wuƙa ba.

Nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa, ku huta lafiya.