Shin Ko Kun San? Masu Kula da Idanunmu Ba Aikinsu Ɗaya Ba

Shin ko kun san cewa ba duk mai farar riga a asibitin ido ne yake yin tiyata ba? Wanda ya cancanci a kira shi ƙwararren likitan ido shi ne wanda ya gama karatun likita na shekara 6, ya sake shafe wasu shekaru yana ƙwarewa a kan ido kaɗai. Shi ne mai cire yanar ido ya sa gilashin roba a gurbinta, aikin da Harold Ridley ya fara yi a Landan a 1949. Shi ne kuma mai tiyatar hawan jinin ido, da gyaran ɓarnar da ciwon suga ke yi wa bayan ido.

Shin ko kun san mai gwajin gani, wato optometris, shi ma shekara 6 yake yi a jami'a a Najeriya? Aikinsa auna ƙarfin gani, rubuta lambar tabarau, da gano cutar da ta ɓuya, sai ya tura mutum gaba in abin ya kai ga tiyata. Allon haruffan nan da yake sa ku karanta daga nisan mita 6, wani likita ɗan ƙasar Holan, Herman Snellen, ya ƙirƙiro shi a 1862. Wanda bai yi boko ba kada ya ji kunya, akwai allo mai harafin E zalla, da hannu ake nuna inda ƙafafunsa suka fuskanta.

Shi kuwa mai haɗa tabarau ba ya gwaji, ba ya rubuta magani. Takardar da aka rubuto yake bi, ya yanka gilashi, ya daidaita shi da fuska. Tun 1989 doka ta kafa hukumar da ke yi musu rajista a Najeriya, shi da mai gwajin gani.

Akwai waɗanda ba a cika yaba musu ba: ma'aikatan jinyar ido. A ƙauyukan arewacin Najeriya da Nijar, su ne aka horar suna yi wa masu amosanin ido ɗan aikin da ke hana gashin ido komawa ciki yana gogar ƙwayar. Allah kaɗai ya san yawan idanun da suka ceta. Har ma akwai mai sana'ar ƙera idon roba ga wanda ya rasa ido ɗaya.

Sai abin da ya fi damuna. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna yanar ido ce kan gaba wajen makantar da mutane, hawan jinin ido na biye da ita. Ya kuma gano cewa da yawa daga waɗanda aka taɓa wa yanar, masu yawo gari-gari ne suka tura ta cikin ido da tsinke, mafi yawan waɗanda aka yi wa hakan ba su sake gani da kyau ba. Alhali yanar ido tana da magani, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ga Asibitin Ido na ECWA a Kano.

Hawan jinin ido kuwa shiru yake cin gani, abin da ya ci ba ya dawowa. Tabarau na bakin titi ba zai gano shi ba. Duk wanda ya haura shekara 40, ko akwai makanta a danginsa, ya je a auna masa ido tun yana gani.