Yadda ake gane damfara ta wayar tarho

Kiran yakan zo ne da sallama da ladabi. Mai kiran zai ambaci cikakken sunan mutum da bankin da yake ajiya, sannan ya ce an ga wani yana ƙoƙarin cire kuɗi daga asusunsa, kuma idan ba a ɗauki mataki cikin 'yan mintoci ba za a rufe asusun.

Daga nan sai ya nemi a karanto masa lambobin da banki ya turo ta saƙon tes. Da zarar an karanto, an miƙa masa mabuɗin asusun ke nan.

Irin wannan damfara ba ta bukatar a kutsa cikin kwamfutar banki. Mai asusun ake yaudara har ya buɗe ƙofa da hannunsa.

Dabarun da ake amfani da su

Abu na farko shi ne aron suna. Ɗan damfara kan ce shi ma'aikacin banki ne, ko na kamfanin waya, ko jami'in wata hukuma.

A Najeriya, an fi fakewa da lambar BVN, wadda Babban Bankin ƙasar ya ɓullo da ita a shekarar 2014, da kuma umarnin haɗa layukan waya da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, wanda gwamnati ta bayar a watan Disamban 2020. Da yake mutane da dama sun ga an toshe layuka da gaske, barazanar ba ta da wuyar shiga zuciya.

Abu na biyu shi ne gaggawa. Mai kiran ba ya son a kashe waya, ba ya kuma son a yi shawara da kowa, domin ya san minti biyar na tunani sun isa su tona masa asiri.

Abu na uku shi ne nuna sani. Sanin sunan mutum, ko ranar haihuwarsa, ko lambar asusunsa ba shaida ba ce ta gaskiya, domin ana samun irin waɗannan bayanai daga shafukan sada zumunta ko daga bayanan da aka sato. Hatta lambar da ke bayyana a fuskar waya ana iya sauya ta da na'ura, ta fito tamkar ta banki.

Saboda haka, abin dubawa shi ne bukatar mai kiran. Banki ba ya tambayar lambar sirri ta katin cire kuɗi, ko lambobi ukun da ke bayan katin, ko lambar amfani sau ɗaya da ake kira OTP. Duk wanda ya nemi ɗaya daga cikinsu ta waya, ɗan damfara ne, komai daɗin bakinsa.

Bambanci da sauran damfara

Damfara ta wasiƙar imel ko ta saƙon tes tana kama da jefa taru a ruwa. Ana aika saƙo iri ɗaya ga dubban mutane, tare da adireshin wani shafin intanet na bogi da aka kwaikwayi na banki. Wanda ya samu saƙon yana da lokacin sake karantawa, ko ya nuna wa wani.

Ta waya babu wannan sarari. Mutum ne mai rai a ɗaya ɓangaren, yana jin shakka a muryarka, yana kuma sauya zance don ya kawar da ita.

Tsohuwar damfarar nan da ake kira 419, wadda ta samo sunanta daga wani sashe na dokar laifuka ta Najeriya, da kwaɗayi take aiki. Akan yi alkawarin gado ko kwangila, a riƙa karɓar kuɗin share fage har tsawon makonni. Damfarar waya kuwa galibi da tsoro take aiki, kuma takan ƙare cikin mintoci.

Akwai kuma sace layi, inda ɓarayi ke sa a mayar da lambar mutum kan wani sabon katin sim da ke hannunsu, ta yadda saƙonnin banki za su riƙa zuwa gare su. Alamar hakan ita ce ɗaukewar sabis kwatsam, alhali wayoyin na kusa suna aiki. Sau da yawa da kiran yaudara ake tattara bayanan da ake bukata domin yin hakan.

Ba jahilci ba ne

Manyan kamfanoni ma sun faɗa wannan tarko. A watan Yulin 2020, wasu matasa sun kira ma'aikatan Twitter, wanda yanzu ake kira X, suna cewa daga sashen fasaha na kamfanin suke. Da bayanan da suka samu suka shiga shafukan Barack Obama da Joe Biden da Bill Gates, suka tara sama da dala 100,000 na kuɗin Bitcoin.

A watan Satumban 2023, kamfanin otal-otal na MGM da ke Amurka ya fuskanci kutse wanda rahotanni suka ce da kiran waya ya fara. Kamfanin ya ce lamarin ya janyo masa asarar kimanin dala miliyan 100.

Ita ma murya ba abin dogaro ba ce kamar da. A shekarar 2019, shugaban wani kamfanin makamashi a Birtaniya ya tura yuro 220,000 zuwa wani asusu a Hungary, bayan wani kira da ake jin an kwaikwayi muryar maigidansa a ciki da ƙirƙirarriyar basira.

Abin yi

Kariyar da ta fi inganci ita ce a kashe waya, sannan mutum ya kira bankinsa da kansa ta lambar da ke bayan kati, ko ya je reshe mafi kusa. Idan da sunan ɗan'uwa aka kira ana neman kuɗin gaggawa, a neme shi ta lambar da aka sani, ko a tambayi wani na gida.

Wanda kuma ya riga ya bayar da lambobinsa, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya hanzarta sa banki ya toshe katin da asusun, ya sauya lambobin sirri, sannan ya kai ƙara ga 'yan sanda ko hukumar EFCC. Ɓarayin kan kwashe kuɗin zuwa wasu asusun nan take, don haka a nan ne gaggawa ke da amfani.