Me ya sa 'yan ƙwadago ke ɗari-ɗari da kasuwar Afirka ta bai-ɗaya?

A watan Maris na 2018, shugaban Najeriya na lokacin, Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya fasa zuwa Kigali sanya hannu kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka. Ƙungiyar ƙwadago ta NLC na cikin waɗanda suka fi matsa masa lamba. Sai a Yulin 2019 ya sanya hannu a Yamai, wata guda bayan nan kuma ya rufe iyakokin ƙasa.

'Yan ƙwadago da masu ra'ayin talakawa sun ga abin da ya faru da masaƙun Kaduna da Kano bayan tsarin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986: yadin waje ya cika kasuwa, injuna suka tsaya, dubban ma'aikata suka koma gida. Suna tsoron kayan Sin da Turai su shigo ta maƙwabta da sabon tambari.

Tsoron nasu yana da tushe. Amma mai sayar da dabbobi a kasuwar Mai'aduwa da direban Kongolam, da ke bakin iyakar Nijar, sun sha wuya da rufe iyakar, domin cinikinsu da Damagaram ya girmi iyakar kanta. Mafita ita ce a tantance asalin kaya da gaske, a bar makiyayi da manomi su wuce.