Ziyarar Wuraren Tarihi a Yammacin Kano: Daga Karaye Zuwa Ƙofar Kabuga

Yawon buɗe ido, wato tafiyar da mutum kan yi takanas domin ganin wurare da ƙara ilimi, kalma ce da mutanen ƙasar Hausa da yawa suke ji kamar ta Turawa ce da masu hannu da shuni, alhali kuwa al'adar ziyara ta daɗe a cikinsu tun kafin a raɗa mata wannan suna. Ayarin da ke tashi daga ƙauyukan Kano zuwa Hubbaren Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da ɗaliban da ake kaiwa rijiyar Kusugu a Daura ko hasumiyar Gobarau a Katsina, duk wannan aikin suke yi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mutum ya waiwayi ƙasar da aka binne cibiyarsa da irin idon da yake kallon garuruwan nesa, kuma babu inda wannan rashi ya fi fitowa fili kamar yammacin Kano, inda mutumin Ruwan Bago ko Zarewa ko Fulatan kan ratsa Karaye a mota sau da dama a shekara, yana hanyar kasuwa ko asibiti, ba tare da an taɓa gaya masa cewa garin da yake wucewa ya taɓa zama garkuwar masarautar Kano gaba ɗaya ba.

Dalilin muhimmancin wannan yanki a bayyane yake ga duk wanda ya dubi taswira, domin ƙasar Rogo tana iyaka da jihohin Katsina da Kaduna a yau, wanda ke nufin cewa a zamanin da tana tsakanin manyan dauloli uku, Kano da Katsina da Zazzau, waɗanda suka shafe ƙarnoni suna gwabzawa a kan hanyoyin fatauci da ƙasar noma. Littafin Tarihin Kano, wanda wani jami'in mulkin mallaka mai suna H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ambaci Karaye a zamanin Sarki Muhammadu Nazaki, wanda ya yi mulki daga 1618 zuwa 1623, a matsayin wurin da Kanawa suka karya Katsinawa. Littafin ya kuma ba da labarin Wambai Giwa, babban bafaden da ya tare a Karaye yana kai wa Katsinawa hari daga can, har ƙarfinsa da yawan dawakinsa suka kai inda fada ta fara tsoronsa.

Wannan Wambai Giwa shi ne zaren da ya haɗa Karaye da birnin Kano ta hanyar da mai ziyara zai iya gani da idonsa. Ganuwa, wato katangar ƙasa mai kauri da ake kewaye gari da ita domin tsaro, an fara gina ta a Kano a zamanin Sarki Gijimasu, tsakanin 1095 da 1134, sa'annan Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta. Faɗaɗawar da ta biyo baya a zamanin Nazaki kuwa, wadda ta ratsa ta Ƙofar Gadon Ƙaya da Dukawuya da Kabuga har zuwa Kansakali, Wambai Giwa ne ya tsaya a kanta, kuma bayan ya kammala ne ya nufi Karaye. Saboda haka matafiyin da ya taso daga Rogo, ya bi ta Karaye ya hau hanyar Gwarzo, ya shigo birni ta Kabuga, ya bi sawun mutum ɗaya ne daga sansaninsa zuwa aikin hannunsa. A wannan ƙofa ta Kabuga ne kuma sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka fasa suka shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903, don haka a taku kaɗan mai ziyara yana tsaye a kan tarihin ƙarni na 17 da na ƙarni na 20 a lokaci guda.

Jihadi ma ta yamma ya shigo wa Kano. Malaman da suka amsa kiran Shehu sun yi hijira zuwa Kwazazzabon 'Yar Kwando da ke yamma da birni, daga nan suka fara yaƙe-yaƙensu, kuma Karaye na cikin garuruwan da suka faɗa hannunsu tun da wuri, kafin a kai ga karawar Ɗan Yaya da ta kawo ƙarshen mulkin Sarki Alwali. Da za a tsara hanyar ziyara da ta bi waɗannan wurare ɗaya bayan ɗaya, da ɗalibin sakandare ya fahimci jihadin Kano a yini guda fiye da yadda zai fahimce shi a zangon karatu.

A cikin birni abubuwan gani sanannu ne, ba sai an daɗe a kansu ba: Dutsen Dala, inda masu binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa suka sami shaidar narka tama tun wajen ƙarni na 7, da Gidan Rumfa, da Kasuwar Kurmi, da marinar Ƙofar Mata, da Gidan Makama wanda aka mayar gidan adana kayan tarihi, da Gidan Ɗan Hausa inda Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909. Wanda ya fi buƙatar a tsaya a kansa shi ne halin da ganuwa take ciki. Lokacin da Bature matafiyi Hugh Clapperton ya iso Kano a 1824, ya ƙiyasta kewayenta da mil 15, tsayinta ƙafa 30, ya ƙirga ƙofofi 15, ga kuma gwalalo, wato ramin da ake haƙawa a gindin ganuwa domin hana dawakin abokan gaba matsowa. A yau wurare da yawa na wannan katanga sun koma tudun ƙasa, wasu an ɗebe ƙasar an yi gini, wasu an dasa shaguna da gidaje a kansu, kuma a 2010 an rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa titi kafin a sake gina wata a wurin. Tun 2007 ganuwar take cikin jerin wucin-gadi na hukumar UNESCO, wato jerin wuraren da ƙasa ke neman a amince da su a matsayin gadon duniya, amma har yanzu ba ta tsallake ba, alhali Sukur a Adamawa ta shiga jerin gadon duniya a 1999, kurmin Osun na Osogbo a 2005, tsohon birnin Agadas na Nijar kuma a 2013.

Misalin Agadas yana da muhimmanci domin shi ma ginin ƙasa ne, kuma ya rushe uzurin masu cewa ginin laka ba ya daɗewa. Gaskiya ne cewa tubali, wato curin ƙasar da ake busarwa a rana a yi gini da shi, ba ya jure damina sai da kulawa, shi ya sa magina na da suke yaɓe da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, kuma sarakuna suke kiran gayya bayan kaka a gyara inda ruwa ya ci. Ginin ƙasa yana rayuwa ne muddin hannu yana komawa kansa, kuma hannu ba ya komawa kan abin da ƙafa ta daina zuwa. Idan haka ta sami ganuwar birni da ke gaban idon gwamnati, to, abin da ke faruwa da kufai, wato wuraren da mutane suka taɓa zama suka tashi, da tsofaffin marina da maƙera da rijiyoyi na ƙauyukan Karaye da Rogo ya fi muni, domin garma da galma suna shafe su shekara bayan shekara ba tare da an rubuta ko sunayensu ba.

Tsibiran Bahar Rum sun nuna abin da kulawa kan haifar. A tsibirin Kubrus, kusa da garin Larnaka, akwai masallaci da hubbare da ake kira Hala Sultan, inda ake danganta kabarin sahabiya Ummu Haram bint Milhan, wadda ta rasu a can lokacin yaƙin teku da Mu'awiya ya jagoranta a halifancin Sayyidina Usman, kuma ko da yake wurin yana ɓangaren da Kiristoci suka fi yawa, an gyara shi, Musulmi na zuwa ziyara, sauran baƙi ma na zuwa kallo. A tsibirin Gozo na ƙasar Malta kuma akwai ɗakunan bauta na dutse da aka gina fiye da shekara 5,000 da suka wuce, tun kafin dalar Masar, kuma mutanen tsibirin, waɗanda Kiristoci ne, suna tsare su suna cin abinci da su ba tare da wani ya zarge su da komawa bautar gumaka ba.

Wannan batu na biyu ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye, domin akwai masu ƙyamar duk abin da ya shafi zamanin Maguzanci, kamar labarin Barbushe da Tsumburbura a Dala, suna ganin adana shi tamkar girmama shi ne. Amma Alƙur'ani ya yi umarni a wurare da dama da a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi ƙarshen al'ummomin da suka gabata, kuma ba a ɗaukar darasi daga abin da aka share. Haka nan ziyarar kaburbura an halatta ta domin tuna lahira da yi wa mamata addu'a, abin da malamai suka hana shi ne roƙon mamaci da ɗibar ƙasar kabari domin neman tabarraki, kuma wannan ɗiba, ban da hukuncinta na shari'a, tana cinye wurin da kansa. Ladubban mai ziyara kaɗan ne: ya fara da gaida mai gari ko mai unguwa ya nemi izini, kada ya ɗauki ko tsingaro daga kufai, kada ya rubuta sunansa a bango, ya kuma sallami dattijon da ya ba shi labari.

Yankin Karaye da Rogo yana da abin da zai ja baƙi ko ba don tarihi ba, musamman madatsar ruwa ta Challawa da aka kammala a 1992 a ƙasar Karaye, wadda masunta da manoman rani suka kewaye. Yana kuma da hukumar da ta fi dacewa da wannan aiki, domin masarautar Karaye, wadda aka ɗaga a 2019, aka soke a Mayun 2024, sa'annan aka dawo da ita a matsayin mai daraja ta biyu a shekarar ta 2024, ƙananan hukumomin Karaye da Rogo ne ƙasarta, kuma dagatai da masu unguwanninta sun san kowane kufai da kowace tsohuwar maƙabarta a hannunsu. Aikin farko ba ya buƙatar kuɗi mai yawa: a umarci kowane dagaci ya kawo jerin tsofaffin wuraren ƙasarsa, malaman tarihi na Jami'ar Bayero da ma'aikatan Gidan Makama su bi su auna su ɗauki hoto, a naɗi muryoyin dattawa da wayar hannu tun suna raye. Su kuma shugabannin makarantun Ruwan Bago da Zoza da Beli, kafin su yi hayar mota zuwa Dala, su fara kai yara wurin mafi tsufan mutumin garinsu ya nuna musu inda kakanninsu suka fara kafa bukka.